Zaƙin Biskit Na Khartum Da Umdurman: Ba A Ɗora Shi A Wuta, Amanarsa Na Hannun Ɗan Kasuwa

A ƙasar Hausa idan aka ce kayan zaƙi, hankalin mai karatu zai tafi ne ga alkaki da nakiya da dubulan da gullisuwa da tuwon madara, waɗanda dukkansu sai mace ta hura wuta, ta sha hayaƙi, kafin su kai bakin mai ci. To amma a biranen Khartum da Umdurman na ƙasar Sudan akwai wani nau'in kayan zaƙi da ya shiga gidaje da wuraren biki, wanda ba a ɗora masa tukunya, ba a kunna masa murhu. Da biskit ɗin nan ake yin sa, baƙi mai ɗanɗanon cakulan, wanda aka manna guda biyu da farin kirim a tsakiya. A daka shi, a haɗa da madara, a zuba a kofi, a sa a firji, shi ke nan an gama. Wani lokaci har a yi masa ado ya koma kamar tukunyar shuka, yaro ya tsaya yana kallo yana tambaya ko ƙasa za a ba shi ya ci.

Mun ga ya dace mu kawo wa 'yan kasuwarmu na kan iyaka wannan labari, na Jibiya da Maigatari da Illela da Ƙonni da Ɗan Isa da Magarya da Gamboru, saboda duk abin da ake haɗa wannan zaƙi da shi kayan tireda ne da ke bi ta hannunmu kullum. Sannan akwai wani abu da ya fi wannan nauyi. Abincin da aka dafa, wuta kan rufa asirin wasu kurakuran da aka yi wajen ajiyarsa. Wanda ba a dafa ba kuwa, yadda ya fito daga shagon mai tireda, haka zai sauka a cikin yaro.

Gari uku, baki mai son zaƙi

Babban birnin Sudan gari uku ne a haɗe, wato Khartum da Umdurman da Bahri, kuma sun kewaye wurin da Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, wanda mutanen ƙasar ke kira Mugran. Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan wuri. Kakanninmu sun bi ta nan a ƙafa da kan jakuna zuwa aikin Hajji, wasu suka zauna ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, Hausawa da Fulani na cikin waɗanda suka yi aikinsu. Shi ya sa naman agashe ya zama abincin kowa a titunan Khartum, haka ma godogodo da ake damawa da gero.

Duk wanda ya taɓa zama da mutanen Sudan ya san ba su wasa da sukari. Shayi safe da yamma, mata masu sayar da shi a ƙarƙashin bishiyoyi ana kiran su sittat al-shai, kusa da su ana soya ligemat ana barbaɗa masa sukari. Ƙasar tana da masana'antun sukari nata, tun daga na Junaid da aka buɗe a 1962 har zuwa na Kenana da aka kafa kamfaninsa a 1975 a jihar Farin Nilu. Bayan cin abinci akan kawo abin da suke kira tahliya, wato abin zaƙaƙa baki, kamar kastad ko basta ko basbusa ko taliyar sha'iriyya mai sukari. Idan Sallah ta ƙarato, mata kan kwaɓa ka'ak da sauran biskit na gida, wanda suke kira khabiz, yara su ɗauki farantai a ka su kai gidan burodin unguwa a gasa. Wannan aiki ne na kwanaki, ga layi, ga kuɗin gashi. A irin wannan gari, zaƙin da za a gama cikin rabin sa'a ba tare da an je gidan burodi ba, ai abin nema ne ya samu.

Asalin biskit ɗin

A birnin New York na Amurka aka fara yin biskit ɗin da ya fi suna a wannan fanni, wato Oreo, a shekarar 1912, a kamfanin da daga baya aka san shi da Nabisco. Ba shi ne na farko ba, domin wani mai suna Hydrox ya riga shi fitowa tun 1908, sai dai na bayan ya danne na farkon a kasuwa, abin da ba baƙo ba ne ga duk ɗan kasuwa. Tun daga 2012 kamfanin Mondelez ne ke riƙe da shi, kuma a 2018 ya buɗe wata babbar masana'anta a Bahrain don wadata ƙasashen Larabawa da Afirka. Baya ga shi akwai irinsa da yawa daga Masar da Turkiyya da Indiya da Indunusiya, a Masar akwai Borio, mu ma a kasuwanninmu na Nijeriya muna da Noreos.

Baƙin da ke jikinsa daga garin koko ne, wato 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su, bayan an sarrafa su har launinsu ya yi duhu. Fiye da rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, ke nan kayan Afirka ta Yamma ne ke tafiya ƙetare ya dawo mana a cikin kwali. A watan Disambar 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 12,000 a kasuwar New York, abin da ba a taɓa gani ba, kafin ya sauko a 2025. Irin wannan tashi ne ke sa ƙananan kamfanoni su rage koko su ƙara kala, biskit ya yi baƙi a ido amma a baki babu komai sai sukari.

Su ma Amurkawa su suka fara wasan da ake yi da shi. Sun lura cewa idan aka niƙa shi yana kama da baƙar ƙasar lambu, sai suka riƙa zuba shi a kan kirim, su dasa alawar roba mai siffar tana, wadda kamfanin Trolli ya fito da ita a 1981, su kira shi kek ɗin ƙasa. Yara na ƙyama suna dariya suna ci.

Yadda ya isa Umdurman

Ba daga Amurka kai tsaye ya zo Sudan ba. Daga 1997 zuwa 2017 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki, wanda hakan ya sa kayan ƙetare da dama suka riƙa zagayowa ta Jidda da Dubai da Alƙahira. Ta wannan hanya ce ma al'adar ta biyo. Tun shekarun 1970 dubban 'yan Sudan ke aiki a Saudiyya da sauran ƙasashen yankin, malaman makaranta da likitoci da direbobi da akantoci, kuma a waɗancan ƙasashe ne matan gida suka ƙware wajen haɗa zaƙin sanyi da biskit da kirim ɗin gwangwani. Mai dawowa hutu ya zo da tsarabar biskit, matarsa ta zo da yadda ake haɗawa. Daga baya tashoshin girki na tauraron ɗan Adam irin su Fatafeat suka shiga ɗakuna, sannan wayar hannu da Facebook da WhatsApp suka ƙarasa aikin.

Kayan kuwa ta tashar jiragen ruwa ta Fot Sudan suke sauka, ko kuma ta mota daga Masar, musamman bayan buɗe mashigar Ashkit a 2014 da ta Arjin a 2016. Daga nan sai hannun diloli da 'yan sari a Suk Libya da ke yammacin Umdurman, da Suk Umdurman, da Suk al-Arabi da ke tsakiyar Khartum. Matsayin da kasuwar Singa ke da shi a Kano wajen kayan masarufi, shi waɗannan kasuwanni suke da shi a can kafin yaƙi. A lokacin, daga Suk Libya ne motoci suka riƙa lodi zuwa Ubayyid da Darfur, har kaya su kai Junaina su tsallaka Adare a ƙasar Cadi. Mai ƙaramin ƙarfi da ba ya iya sayen na waje, yana da biskit ɗin gida irin su Baraka, ya haɗa da garin koko ya yi nasa.

Yadda ake haɗa shi

Ga uwargida ko mai sana'ar da ke son gwadawa, ga ma'aunin da zai ba da ƙananan kofuna 10 zuwa 12. A samu biskit guda 24, da garin kirim na fakiti guda 2 irin wanda ake bugawa ya kumbura, da madara mai sanyi kofin shayi babba 1, da ƙaramin gwangwanin kirim 1, wanda mutanen Sudan ke kira gishɗa, da rabin gwangwanin madara mai kauri mai zaƙi, da ganyen na'ana'a ɗanye.

Da farko a raba biskit ɗin gida biyu, a kankare farin kirim ɗin tsakiya da cokali a ajiye gefe. Baƙin a zuba a leda mai kauri, a ɗaure, a murza da kwalba, ko a daka a busasshen turmin da ba a taɓa daka yaji ko daddawa a ciki ba, domin biskit na ɗaukar wari. Kada a niƙa shi duka ya yi laushi, a bar wani da ɗan tsakuwa-tsakuwa, ya fi kama da ƙasa kuma ya fi daɗin tauna. Sai a zuba garin kirim a cikin madarar mai sanyi a buga har ya yi kauri ya tsaya a jikin cokali. Idan madarar ba ta yi sanyi sosai ba, ko an kwana ana bugawa ba zai tashi ba. Bayan nan a zuba gishɗa da madarar gwangwani da farin kirim ɗin da aka kankare, a juya a hankali. Ba a ƙara sukari.

A ƙasan kowane kofi a zuba garin biskit cokali biyu, a bi shi da kirim, a sake zuba biskit, a sake kirim, a rufe sama da biskit yadda fari ba zai leƙo ba. A sa a firji sa'a 3 zuwa 4. Lokacin da za a kai wa masu ci ne ake tsinko kan na'ana'a, a wanke da ruwa mai tsabta, a soka a tsakiya. Nan take kofi ya koma tukunyar shuka. Wanda ke son tana ya yanka dabino siriri-siriri ya kwantar a kai, kuma Sudan ba ta rasa dabino ba, ga barakawi ga gundaila daga arewacin ƙasar. Wasu kan yi amfani da ƙananan kofunan shayi na gilashi don a riƙa ganin layin baƙi da fari.

Akwai kuma na biyu, wanda ya fi sauƙi kuma ya fi jure zafi. A daka biskit 24 har da kirim ɗinsa, a zuba madarar gwangwani mai zaƙi cokali 4 ko 5, a murza har ya haɗe, a mulmula kamar dakuwa, a birkita a garin kwakwa ko riɗi ko dakakkiyar gyaɗa. Zai ba da ƙwallo kusan 20. Maimakon madara ana iya sa niƙaƙƙiyar gyaɗa, wadda abin mamaki mutanen Sudan dakwa suke ce mata. Yara kan manna masa idanu da ɗigon farin kirim, ko su birkita shi a kwakwa su ce ragon Layya ne. Aiki ne da yarinya 'yar shekara bakwai za ta taya uwarta ba tare da fargabar ƙuna ba, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa iyaye mata suka karɓe shi.

Ya tsira daga murhu, bai tsira daga lantarki ba

Wannan zaƙi bai buƙatar wutar murhu, amma rayuwarsa na rataye da wutar lantarki. Khartum na daga cikin manyan biranen da suka fi zafi a duniya, daga Afrilu zuwa Yuni ma'aunin zafi kan wuce 40. Lokacin da aka buɗe madatsar ruwa ta Marawi a 2009, mai ƙarfin megawat 1,250, gidaje da yawa suka samu wuta, firji ya yawaita, zaƙin sanyi ya samu wurin zama.

Ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na watan azumi, daidai lokacin da mata ke shirin khabiz na Sallah, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF. An wawashe masana'antun Bahri, an fasa shagunan Suk al-Arabi, wani sashe na Suk Umdurman ya ƙone, Suk Libya ta faɗa hannun RSF. Ciniki ya koma arewacin Umdurman, irin kasuwar Sabrin, ita ma a ranar 1 ga Fabrairun 2025 aka yi mata ruwan wuta, mutum fiye da 50 suka rasu. Sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. 'Yan Nijeriya fiye da 2,000, galibinsu ɗalibai, aka kwaso zuwa gida a watan Mayun 2023, da yawansu bayan sun kwashe kwanaki a iyakar Masar. Waɗanda suka rage a unguwanni suka dogara ga tukunyar taimakon juna da ake kira takaya, inda abin da ake nema shi ne wake da adas da kunu. A irin wannan hali babu mai zancen kirim.

Sojoji sun sake karɓe Khartum da Suk Libya a watan Maris na 2025, kuma kafin ƙarshen shekarar Hukumar Kula da Ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da mutum miliyan ɗaya sun koma birnin. Sai dai a watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari kan tashoshin lantarki na Umdurman, wuta ta ɗauke, injinan tace ruwa suka tsaya, jama'a suka koma ɗibar ruwan kogi. Cutar kwalara ta bazu. A mako guda kacal na ƙarshen watan, Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta ba da rahoton mutum sama da 2,700 da suka kamu da kuma 172 da suka rasu, mafi yawansu a jihar Khartum.

Darasin da ke nan namu ne mu ma, domin ɗaukewar wuta da rashin ruwa mai tsabta ba baƙi ba ne a garuruwanmu na kan iyaka. Madarar gari da ruwa ake dama ta, kuma idan ruwan bai da kyau, babu wutar da za ta zo daga baya ta gyara. Don haka a tafasa ruwan, a bar shi ya huce, sannan a dama. Hukumar Lafiya ta Duniya na gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin ma'aunin zafi 5 da 60, kuma kada a bar abinci mai saurin lalacewa a waje fiye da sa'a 2. Kofin kirim da ya yini a kan tire a rana, ko ya kwana a firjin da wuta ta ɗauke tun magariba, zubar da shi ya fi sayar da shi riba. Inda babu tabbacin sanyi, a tsaya ga na mulmulawa.

Inda amanar ɗan kasuwa take

Abu na farko shi ne wa'adi. Kayan da suka fito daga ƙasashen Larabawa sau da yawa da lambobin Larabci ake buga kwanan watansu, kuma nan ne ake yin tuntuɓe. Biyar ɗinsu zagaye ne kamar sifirinmu, sifirinsu ɗigo ne, shidansu kuma kamar bakwai ɗinmu yake. Wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya ba zai ruɗe ba, amma yaron shago da bai sani ba zai iya karanta 2026 a matsayin 2027. Kalmar intaj na nufin ranar da aka yi, intiha kuma ranar ƙarewa. Wasu kwalayen harafin P da E suke sawa. Kayan Amurka kuma wata suke fara rubutawa kafin rana. A duba kwali, a kuma buɗe a duba fakitin ciki, domin masu algus kwali suke canzawa ko su goge tawada su buga sabuwa.

Na biyu ajiya. Farin kirim ɗin tsakiya sukari ne da mai, kuma zafi na narka shi ya sa man ya yi ɗoyi tun wa'adi bai cika ba. Katan ɗin da ya yi mako a bayan tirela yana jiran kwastan, ko aka jera shi har ya taɓa kwanon rufin sito, ko aka ajiye shi kusa da sabulu da omo da kananzir, ya riga ya tashi daga aiki. Mun sha ganin haka lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, inda kaya suka yi watanni a hanya. A ɗora kwalaye a kan katako, a bar iska na wucewa, a fara sayar da wanda ya riga shigowa. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa ko ya lotse a baki, kada a karya masa farashi, a fitar da shi daga shago.

Na uku madarar awo. Buhun madara da aka buɗe ana aunawa a ƙulla a leda ba shi da suna, ba shi da kwanan wata, kuma wani ma ba madara ba ce zalla, garin da aka haɗa da man ganye ne. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙasar Sin a 2008 ba, inda aka zuba sinadarin melamin a madara, jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwo, aƙalla 6 suka rasu, har aka riƙa janye biskit da alawar da aka yi da wannan madara daga kasuwannin duniya. Mai saye na da haƙƙin ya ga buhun da aka ɗebo masa. A ɓangaren Nijeriya a nemi lambar NAFDAC, a Sudan kuma akwai hukumar kula da inganci da ma'auni mai irin wannan aiki.

Na huɗu halal. A da, da kitsen alade ake yin kirim ɗin Oreo a Amurka, kamfanin ya daina a shekarun 1990 ya koma man ganye. Duk da haka masana'antu sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a karanta abin da aka rubuta a jikin fakiti. Inda aka fi samun matsala shi ne alawar roba mai siffar tana, domin da jelatin ake yin ta, shi kuma daga fata da ƙashin dabba ake samun sa, na saniya ko na alade. Wadda ba a bayyana asalin jelatin ɗinta ba, ko ba ta da tambarin halal, barin ta ya fi. Akwai alawar da ake yi da ƙaro, kuma Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, daga itacen dakwara da suke kira hashab, har Amurka ma ta ware shi daga takunkuminta. A jikin fakiti lambarsa E414.

Akwai kasuwa a ciki

Duk wannan gargaɗi ba don a kashe wa kowa gwiwa ba ne. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Jami'ar Afirka ta Khartum da sauran makarantun can, da iyalan da yaƙi ya koro zuwa Cadi da Nijar da Nijeriya, sun dawo da ɗanɗanon abin da suka saba. Bikin aure da suna da walimar sauka da buɗe-baki duk wurare ne da ake neman abin da zai burge baƙo ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Matan aure da ke sana'a a cikin gida, waɗanda suka riga suka mallaki firji ko kula don zoɓo da kunun aya, ba su buƙatar sabon jari mai yawa.

Mai tireda da ke da lura zai iya haɗa kayan wuri guda, biskit da garin kirim da gwangwanin madara da ƙananan kofunan roba masu murfi da cokula, ya sayar a matsayin ƙulli ɗaya, musamman daga tsakiyar Sha'aban zuwa Sallah. Maimakon ribar abu ɗaya ya ci ta biyar. Mai haɗawa kuma ta yi lissafi kafin ta sa farashi: kuɗin biskit da madara da kofi da ƙanƙara ko man janareta, a raba da yawan kofunan da suka fito, sannan a ɗora riba. Ta yi daidai wanda za ta sayar a ranar, ko ta yi bisa oda. Kuma a tuna abu ne na marmari, sukarinsa da yawa, ba a mayar wa yaro shi abincin kullum, mai ciwon sukari kuma ya yi nesa da shi.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Katan ɗin da dila ya karyar da rabin kuɗinsa, akwai dalilin da ya sa ya karyar, kuma gara a tambaya tun a gaban sito. Addininmu ya hana algus da ɓoye aibin haja, sannan ita kanta kasuwar kan iyaka ƙarama ce, kowa ya san kowa. Ranar da yara goma suka kwanta da gudawa bayan walima, ba kamfanin da ke New York ko Bahrain za a ambata ba, sunan matar da ta haɗa da na shagon da ta yi sayayya za a kira.

Muna roƙon Allah Ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da kowa gidansa, kasuwannin Umdurman da Khartum su cika kamar da, yara su sake samun abin da za su yi dariya a kansa. Mu kuma Allah Ya ba mu ciniki na halal mai albarka, amin.